Ɓerayen ɗakin bincike da ƙashin Inna

Ni ce 'yar fari a ɗakinmu, saboda haka Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. "Ke wagga" take ce mini tun ina rarrafe har na yi aure na haihu. Duk wanda ya tashi a Sakkwato ya san wannan kunyar, ya kuma san ba suna kaɗai take rufewa ba, har da ciwo. Autarmu kan shiga ɗaki Inna ta ce mata ta danna mata baya. Ni kuwa in na tambaya, amsa ɗaya ce: "Lahiya lau." Ban kawo wannan don in wanke kaina ba. Na kawo shi ne don a gane yadda aka yi mace ta shekara biyu tana leƙen ƙashin ɓera a madubin bincike, alhali ƙashin mahaifiyarta yana zaizayewa a gabanta ba ta gani ba.

Inna doguwa ce a da. Haihuwarta 9, kowane ɗa kuma sai ya sha nono kusan shekara 2. A gidanmu na cikin gari, can wajen Hubbare, ita kaɗai ke miƙa hannu ta sauko da kwalla daga kan kabad ba tare da ta taka kujera ba. Bayan al'ada ta ɗauke mata sai gwiwoyi suka fara damunta, sujada ta zama aiki. Lokacin ina ɗalibar likitancin dabbobi. Ni da ƙafata na je wani kyamis na faɗi abin da ke damunta, yaron shagon ya ƙirgo mini wasu ƙananan ƙwayoyi farare a leda. Kwana 3 Inna ta miƙe garau, tana sa wa mai maganin albarka. Na karanta sunan a jikin kwalin, deksametason, na kuma san shi, domin muna yi wa dabbobi allurarsa idan kumburi ya yi tsanani. Na ɗauka za ta sha na mako ɗaya ta bari. Ashe duk lokacin da ya ƙare sai ta aiki yaro da tsohuwar ledar a sayo wani. Fuskarta ta ciko ta yi zagaye, mata suna zuwa barka ko suna suna cewa hutu ya karɓi Hajiya. Haka aka yi shekaru.

Da na koma karatun digiri na biyu, malamina ya ɗora ni a kan ƙashi. Aikin da ya ba ni tsoho ne a duniyar bincike, an daɗe ana yin sa: a cire wa macen ɓera ma'ajiyar ƙwai, a jira, a duba abin da ya sami ƙashinta. Ɓera ba ta haila irin ta mutum, nata zagayen kwana 4 zuwa 5 ne, kuma sinadarin mata da ake kira estirojin ba ya yanke mata kwatsam yadda yake yi wa 'ya mace idan al'ada ta ɗauke. Don haka tiyata ce ke mayar da ita kamar matar da ta wuce shekara 50. Daga Vom, kusa da Jos, aka kawo mana fararen ɓerayen, 'yan mako 10, kowace ba ta wuce giram 25 ba. Babban aikina a watannin farko shi ne kare su daga zafin Sakkwato, domin a watan Afrilu zafi kan haura digiri 40, ɓeran bincike kuwa ba ya jure wannan. Nakan jiƙa buhu in rataya a taga, in sake musu ruwa sau 3 a wuni.

Ranar tiyata ana sa wa ɓera maganin barci, a aske ɗan wuri a bayanta, a yi yanka ƙarami kamar tsawon ƙwayar shinkafa biyu. Ma'ajiyar ƙwan tana nan cikin kitse, ja-ja, ba ta kai ƙwayar dawa girma ba. A ɗaure, a cire, a ɗinke. Wasu kuma a yanka su a ɗinke ba a cire komai ba, don a samu abin kwatance. Ban taɓa ɗaukar wuƙar ba sai da bismillah, kuma har yau ina ganin duk wanda zai taɓa ran dabba don ilimi, wajibi ne ya tabbata ilimin ya cancanci ran.

Bayan mako 6 muka ciro ƙasusuwan cinya. Na ɓera bai wuce santimita ɗaya da rabi ba. Ana jiƙa shi kamar mako 2 cikin wani ruwa da ke tsotse masa kalsiyam, sinadarin da ke ba ƙashi tauri, har ya yi laushin da za a iya yanka shi siriri, a shimfiɗa a gilashi, a zuba masa rini. Na fara sa gilashin wadda ba a cire wa komai ba. Cikin kan ƙashin cike yake da saƙa, sanduna ƙanana sun riƙe juna kamar azarar rufin soro. Da na sa na ɗayar sai na zaci na yi kuskure wajen yankan. Sandunan sun sirance, wasu sun yanke sun tsaya a iska ba su haɗu da komai ba, ramuka sun buɗe, kitse ya cika gurbin. Daga waje ƙashin lafiya lau yake, kamar ƙyauren da gara ta cinye cikinsa ta bar fenti. A gefen sandunan da suka rage kuwa ga wasu manyan ƙwayoyin halitta nan da rinin ya mayar jajaye, sun lafe a jikin ƙashin, kowace a cikin ɗan ramin da ta haƙa.

Na kira malamina. Ya leƙa ya ce, "Ga su nan. Masu cin ƙashi ke nan. Ƙirga su, ki kwatanta."

Turawa na ce musu ostiyokilas. Malam bai so in ɗauke su abokan gaba ba. Ya tambaye ni ko na taɓa ganin ana yi wa katangar ƙasa yaɓe kafin damina. Na ce a gidanmu ma ana yi. Ya ce to ai magini ba ya shafa sabuwar ƙasa a kan tsohon yaɓen da ya tsage, sai wani ya fara kankare shi. Haka ƙashi yake. Rayayye ne, kullum ana rushe wani sashe ana gina wani, har a shekara guda babban mutum kan sabunta kusan kashi 10 cikin 100 na ƙasusuwansa. Masu ci su kankare, magina su biyo baya su cike. Sai dai kankarewa makonni kaɗan take ɗauka, cikewa kuwa watanni. Idan masu kankara suka yi yawa, magina ba za su taɓa cim musu ba.

Abin da ya kama zuciyata shi ne yadda ake kiran masu cin nan zuwa aiki. Ba a haife su masu cin ƙashi ba. Daga ɓargo suke fitowa, dangin fararen ƙwayoyin jinin da ke haɗiye ƙwayoyin cuta ne. Suna nan zaune sai saƙo ya zo. Saƙon farko, M-CSF, shi ke raya su ya yawaita su. Na biyu shi ne babba, ana ce masa RANKL, kuma abin mamaki daga wurin magina da ƙwayoyin da ke binne cikin ƙashin kansa yake fitowa. Wato mai gini shi ke aikawa a kira mai rushewa. A fatar ƙwayar akwai wata ƙofa da ake kira RANK, wadda ba ta buɗuwa sai ga wannan saƙon. Da ya taɓa ta, sai magana ta shiga ciki daga hannu zuwa hannu, kamar yadda saƙo ke shiga fada daga zaure zuwa zaure: TRAF6 ya karɓa, ya tayar da NF-kB da c-Fos, su kuma su tayar da NFATc1, wanda Hiroshi Takayanagi da abokan aikinsa a Tokyo suka nuna a 2002 cewa shi ne mai yanke hukunci na ƙarshe. Idan ya ba da umarni, ƙwayoyi da yawa su narke cikin juna su zama ƙatuwa ɗaya mai cibiyoyi da dama. Ta kife a kan ƙashi kamar ƙoƙo, ta like bakin, ta zuba ruwa mai tsami da ke narkar da kalsiyam, sannan ta saki wani sinadari mai suna katefsin K ya cinye zaren da ya rage.

Akwai kuma mai tsaron hanya. Maginan da ke aika RANKL su ne kuma ke sakin OPG, wanda aikinsa shi ne ya tare saƙon a hanya ya rungume shi kafin ya isa ƙofa. Masu bincike na kamfanin Amgen a Amurka suka bayyana shi a 1997, wasu a Japan ma suka gano shi a daidai wannan lokacin. Ƙarfin ƙashin mutum yana rataye ne a kan wane ya fi yawa tsakanin saƙon da mai tare shi.

Da yawa daga cikin wannan a jikin ɓera aka tabbatar da shi, ta hanyar cire ƙwayar gado guda ɗaya, wato umarnin da aka gada wanda ke sa jiki ya ƙera wani sinadari, a ga abin da zai faru. Na kwana da yawa ina karanta labarin ɓerayen nan kamar mai karanta tarihin dangi. A 1998 aka samar da waɗanda ba su da OPG: tun suna ƙanana ƙashinsu ya zama rariya, suna karyewa, jijiyoyin jininsu kuma suna sandarewa da kalsiyam. A 1999 ɗakin binciken Josef Penninger a Toronto ya cire RANKL ɗin kansa, sai aka samu akasin haka. Babu mai cin ƙashi ko ɗaya, ƙashi ya toshe har ɓargo ya rasa wurin zama, ɓerayen suka tsumbure, kuma haƙoransu ba su fito ba, domin ashe haƙori ba ya hudo muƙamuƙi sai masu cin ƙashi sun share masa hanya. Sai an jiƙa musu abinci suke iya ci. Tun kafin nan, a 1991, Philippe Soriano ya cire wata ƙwayar gado mai suna c-Src: masu cin ƙashi suka fito da yawansu, suka zauna a kan ƙashi, amma suka kasa haƙa. Irin wannan ƙashin da ba a kankare shi ga kauri, amma ba ƙwari, domin tsofaffin tsagu suna nan ba a gyara ba. A nan na yarda da maganar malam. Halitta ce da Allah ya yi da aikinta, ɓarnar tana zuwa ne idan kira ya yi yawa.

Estirojin yana cikin masu rage kiran. Yana danne RANKL, yana ƙara OPG, yana kuma gajarta ran masu cin ƙashi su mutu da wuri. Ranar da ya janye, ko da wuƙata a bayan ɓera ko da shekaru a jikin mace, sai su yawaita su kuma daɗe. Wannan na sani, shi ne ma aikina. Abin da ban shirya masa ba shi ne wani dare da nake karatun sauran abubuwan da ke karkatar da ma'aunin, na ci karo da dangin magungunan da deksametason da firedinisolon ke ciki. Suna ƙara RANKL. Suna rage OPG. Suna kashe magina da ƙwayoyin da ke cikin ƙashi. Suna hana hanji tsotsar kalsiyam. Haɗarin karaya kuma yakan fara hawa tun cikin wata 3 zuwa 6 na farkon shan su kullum. Na ajiye takardar. Fuskar Inna da ta ciko ta faɗo mini, da tabon da ke fita a hannunta ko ƙofa ta goga, da kwallar da yanzu sai ta kira jika ya sauko mata da ita. Na tuna zanenta ya fara jan ƙasa, har ta ce masaƙa sun ƙara wa zane faɗi.

Washegari na je gida. Na same ta a tabarma tana gyaran zogale. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Inna, maganin ƙafar nan har yanzu kina sha?"

Ba ta dube ni ba. Ta ce, "Shi ka riƙe da ni."

Na ce ina jin tsoron yana cin ƙashinta, ina so mu je asibiti. Ta ce, "Tsuhwa na, ke wagga. Kowa yad daɗe shina duƙawa." Na san ba a yanke irin wannan maganin rana ɗaya, domin jiki ya saba har ya daina yin nasa, yankewar na iya kayar da mutum. Don haka ban ƙwace ledar ba. Na gaya wa Yaya, ɗan kishiyar Inna da ke riƙe da gidan, muka ce bayan Sallah za mu kai ta. Wannan "bayan Sallah" ita ce kalmar da na fi nadama a rayuwata.

Da asubar wata ranar hunturu ta fito alwala. Ba daga tsani ta faɗo ba, ba mota ta buge ta ba. Santsin bakin famfo ne, ta zame ta zauna da gefe ɗaya. Yaro ya yi irin wannan faɗuwar sau goma ya tashi yana dariya. Inna ba ta tashi ba. Da na iso, ƙafarta ta dama ta gajarce ta juya waje, ita kuma tana ta salati a hankali don kada in ji nishinta.

Kafin hantsi Kawu ya riga ya aika a kira maɗori. Ba na raina masu ɗori. Hannun ƙanena da ya karye yana yaro su suka ɗaure da karare ya warke sumul. Dattijon ya zo, ya shafa, ya yi shiru. Na matsa na ce, "Baba, a ganina cikin ƙugu ne, wuyan ƙashin cinya." Ya ce shi ma abin da hannunsa ya gaya masa ke nan, kuma wuri ne da kara ba ya kamawa. Allah ya saka wa wannan bawan nasa, domin maganarsa ce ta sa Kawu ya yarda aka ɗauko mota, ba tawa ba.

Hoton da aka ɗauka a asibiti ya nuna karayar, ya kuma nuna abin da ba mu je nema ba: ƙasusuwan baya guda biyu sun riga sun lotsa tun tuni, su ne suka rage mata tsawo suka duƙar da ita. Likitan ya ɗaga hoton a haske, ni kuwa abin da nake gani shi ne gilashin ɓerata. Ya ce macen da ta kai shekarunta ta karye a ƙugu daga faɗuwar tsaye, ba sai an jira wani gwaji ba, zaizayar ƙashi ce. Ya tambayi magungunan da take sha. Na miƙa masa ledar, na ce ni na fara sayo mata. Bai ce mini komai a kai ba, ya rubuta yadda za a riƙa rage shi sannu a hankali.

An yi mata aiki aka sa ƙarfe a madadin kan ƙashin. Aka ɗora ta a kan kalsiyam da bitamin D, da wata ƙwaya mai suna alendironet, miligiram 70 sau ɗaya a mako. Ita wannan tana mannewa ne a jikin ƙashi, idan mai ci ya zo ya haɗiye ta tare da abin da ya kankaro sai ya kasa aiki ya mutu. Likitan ya ambaci wata allura, denosumab, da aka amince da ita a Amurka a 2010, ana yin ta duk wata 6. Na san ta a takarda. Aikin OPG take yi, ta tare RANKL a hanya, kuma kai tsaye daga binciken ɓerayen can ta fito, duk da cewa ita kanta ba ta kama RANKL na ɓera, sai da aka samar da ɓeraye masu ɗauke da irin na mutum kafin a gwada ta a jikinsu. Amma tana da tsada, kuma idan aka fara aka tsaya ba tare da an maye gurbinta da wani magani ba, masu cin ƙashi kan dawo da ƙarfi har baya ya karye a wurare da yawa. Muka duba aljihunmu da gaskiya muka zaɓi abin da za mu iya ɗorewa a kai.

Tun daga nan nake duban matan gidanmu da wani ido. Mai shayarwa jikinta kan ranto kalsiyam daga ƙashinta ya zuba a nono, ta wannan hanyar ta RANKL ɗin, kuma yakan biya bashin bayan yaye. Amma da me zai biya idan abincin tuwo ne da miya tsararo? A Jos, binciken da Tom Thacher da abokansa suka wallafa a 1999 ya nuna yaran da ƙafafunsu ke gwamewa rashin kalsiyam a abinci ne babbar matsalarsu, suna samun kusan miligiram 200 kacal a rana. Abin ya fi ba ni takaici a Sakkwato, garin fura da nono. Ga kindirmo, ga kuka, ga zogale, ga ƙananan kifin da ake ci da ƙaya. Mu ne kuma muke da rana fiye da kowa, amma tsohuwa sai ta yi mako ba ta zauna a tsakar gida hantsi ya taɓa fatarta ba. Ƙwayoyin nan farare kuwa har yanzu ana ƙirga su a leda, wasu don gwiwa, 'yan mata kuma don su yi ƙiba kafin biki. Duk wadda na gani da su a danginmu ina zaunar da ita, kuma ba na cewa ta yar, cewa nake mu je wurin likita ya rage mata.

Inna tana tafiya yanzu da sanda. Bayan da ya duƙa ba zai miƙe ba, a kujera take salla. Mun sa ranar Juma'a ta zama ranar ƙwayarta don kada a manta. Dole a sha ta kafin a ci komai, da cikakken kofin ruwa, a kuma zauna a miƙe minti 30 ba kwanciya, don kada ta ƙona maƙogwaro. Ni nake zuwa da sassafe in miƙa mata, in zauna kusa da ita har lokacin ya cika, ita tana jan carbi, ni ina duban agogo. A zaman nan ne, wata Juma'a, ta tambaye ni abin da ba ta taɓa tambaya ba, wai mene ne ainihin aikin da nake yi da ɓeraye. Na ba ta labarin yaɓe da masu kankara, da ɓerayen da haƙoransu suka ƙi fitowa. Ta saurara har ƙarshe, ta ce Allah mai iko. Can kuma ta ce, "Ke wagga, gobe ki taho da Gwaggonki ta Mabera ki duba ta. Na ga zanenta ya fara jan ƙasa."